Gurbin Aiki a Asibiti: Rabo Ne Ko Amana?

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Duk lokacin da labari ya bazu cewa za a ɗauki ma'aikata a asibitin gwamnati ko a jami'a, sai ka ga gari ya ɗauka. Samari da 'yan mata masu takardun shaidar ƙare karatu su cika shagunan kwamfuta suna cike fom, iyaye kuwa su shiga zaga gidajen manya, wannan yana neman wasiƙar ɗan majalisa, wancan yana neman wanda zai yi masa magana da shugaban wurin. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutane a irin wannan lokaci ita ce "rabo". Wanda ya samu a ce rabonsa ne ya tsaga, wanda ya rasa a ce ya yi haƙuri, ba rabonsa ba ne. Lalle arziki na Allah ne, babu mumini da zai yi musun haka. Amma akwai tambayar da ya kamata mu tsaya a kanta a wannan mako, watau shi gurbin aikin nan, na wane ne? Na shugaban da zai sa hannu ne, ko na ɗan majalisar da ya kawo suna, ko kuwa na yaron da aka ba takarda?

Domin maganar ta zauna sosai, bari mu ɗauki wurin da kowa ya sani. A kan hanyar Zariya, a unguwar Gyadi-Gyadi ta Ƙaramar Hukumar Tarauni, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An kafa shi a shekarar 1988, ya fara aiki na wucin gadi a Asibitin Murtala Muhammad da ke cikin birni, kana ya tare a mazauninsa na yanzu a 1996. A nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero suke koyon duba marasa lafiya, a nan aka fara dashen ƙoda a 2002, kuma nan ake kawo majinyatan da ƙananan asibitoci suka kasa, daga Kano da Jigawa da Katsina har da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya shiga zai ga likita da nas da ungozoma. Amma bayan waɗannan akwai wata runduna da ido bai cika kai wa gare ta ba: mai awon jini da fitsari da majina, mai kula da ma'ajiyar jini, mai harhaɗa magunguna, mai ɗaukar hoton ƙirji, mai adana katin majinyata, mai gyaran injuna, da mataimakan bincike masu bin mata da yara suna rubuta abin da ya same su. A wajen katangar kuma ga ɗakunan awo da shagunan magani na 'yan kasuwa birjik. Ɗan Unguwa Uku ko Darmanawa ko Hotoro da ya karanta kimiyya, in ya yi mafarkin aiki, galibi nan zuciyarsa take kai shi.

Malaman Musulunci tun da can sun sanya waɗannan ayyuka cikin farillan kifaya, watau wajibin da yake kan al'umma gaba ɗaya, wanda in wasu suka tsaya da shi yadda ya wadatar sun ɗauke wa saura, in kuwa aka bar shi kowa ya shiga laifi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 ta Miladiyya, ya kawo likitanci da lissafi a matsayin misalin wannan a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin, har ya yi kukan cewa a zamaninsa akwai garuruwan da ba su da likita Musulmi ko ɗaya, alhali ɗalibai suna ta turereniya a kan gardamar fiƙihu domin ita ce take kai mutum ga kujerar alƙalanci da riƙon dukiyar waƙafi. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa sai da ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir.

To, in aikin lafiya wajibi ne da aka ɗora wa al'umma domin kare rai, ashe amsar tambayarmu ta fito. Mai gurbin aikin asibiti shi ne majinyaci. Domin shi aka gina ɗakin, domin shi aka sayi injin, domin shi ake biyan albashi daga baitulmalin jama'a. Shugaban da zai ɗauki ma'aikaci wakilinsa ne, ma'aikacin da aka ɗauka kuwa hadiminsa ne. Shi majinyacin ba ya zama a wurin ganawa da masu neman aiki, ba ya ganin takardunsu, ba ya da bakin cewa a ɗauki wane a bar wane. Abin da aka ba ka ajiya, mai shi kuma ba ya nan, ba shi da ikon bincikarka, shi ake kira amana. Allah kuwa Ya yi umurni a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i da a mayar da amanoni ga masu su.

Mu fara da mai bayar da aiki. Alƙur'ani ya ba mu ma'auni a labarin Annabi Musa a Madyana, inda 'yar dattijon nan ta shawarci mahaifinta ya ɗauke shi aiki, ta kafa hujja da siffofi biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfi a ɗakin awo shi ne sanin aikin, amana kuwa ita ce faɗin abin da ido ya gani. Ya tabbata cewa Abu Zarri, duk da girman tsoron Allah da aka san shi da shi, ya nemi Manzon Allah (S.A.W.) ya ba shi shugabanci, aka hana shi, aka nuna masa yana da rauni a wannan fage, kuma abin amana ne da zai zama nadama a Lahira. Ya kuma tabbata cewa lokacin Hijira an ɗauki Abdullahi bin Uraiƙiɗ ya zama ja-gora, alhali a lokacin yana kan addinin mutanensa, domin ya san hanya kuma an amince masa. Ashe yawan ibada ba ya maye gurbin ƙwarewa, kuma ƙwarewa da amana ba gadon wata ƙabila ba ne. Mun ga haka a 2014, lokacin da wata likita a Legas, Dakta Stella Ameyo Adadevoh, ta ƙi sallamar mutumin da ya shigo da cutar Ebola duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu da cutar ta mutu, amma tsayawarta na cikin dalilan da suka sa annobar ba ta bazu a ƙasar nan ba.

Wani zai ce, ai Musulunci ya yi umurni da sada zumunci, kuma Hausawa sun ce naka sai naka. In Allah Ya ɗaga ni ban taimaki ɗan ƙanwata ba, wa zai taimake shi? Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe muƙami ya san yadda 'yan'uwa suke ƙaurace wa wanda ya ƙi. Amma zumunci da abin hannunka ake yinsa. Ka biya wa yaron kuɗin makaranta, ka saya masa littattafai, ka nuna masa inda ake neman mutane, ka zaunar da shi ka koya masa yadda zai amsa tambaya. Wannan duk naka ne, kuma kana da lada. Kujerar ma'ajiyar jini kuwa ba taka ba ce, kyauta da kayan wani kuma ba ta zama sadaka. Sayyidina Umar da ya zo barin duniya ya ware mutum shida su zaɓi halifa a tsakaninsu, ya yarda ɗansa Abdullahi ya halarci shawarar, amma ya hana a ba shi muƙamin. Ko tsarin raba daidai tsakanin jihohi da Tsarin Mulkin Nijeriya ya tanada, adalcinsa yana tabbata ne in an yi rabon tsakanin waɗanda suka cancanta daga kowace jiha.

Sai mai neman aiki. Babu laifi ga mutum ya nemi aiki, ya kuma faɗi abin da ya iya. Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya ambaci cewa shi mai tsarewa ne kuma masani. Inda ɓarna take shi ne sayen gurbi. A shekarar 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti domin binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatun Gwamnatin Tarayya, aka ji shaidu suna bayyana kuɗin da suka biya, wasunsu ma aikin bai samu ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai bayar da rashawa da mai karɓa. Gaskiya ne wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka danne masa haƙƙinsa tabbatacce, ba shi da wata hanyar karɓarsa sai ya ba da wani abu, suka ce laifin yana kan mai karɓa. Amma gurbin da mutum ɗari suke nema bai zama haƙƙin kowa ba tukuna. Wanda ya biya ya wuce, ya ture wani ne wanda mai yiwuwa ya fi shi sani, sai dai ubansa ba shi da gonar sayarwa. Sa'an nan wanda ya ci bashi ya sayi aiki, a ina ake zaton zai fanshe kuɗinsa in ba a jikin majinyaci ba?

Yanzu mu zo ga wanda ya riga ya hau kujerar, musamman ma'aikacin ɗakin awo, domin nan ne maganar ta fi zurfi. Shi wannan mutum shaida ne. Likita bai ga abin da ke cikin jini ba, majinyaci bai gani ba, shi kaɗai ya leƙa madubi ya gani, takardar da ya sa wa hannu kuwa a kanta za a yanke hukunci. In ya rubuta rukunin jini ba daidai ba, aka ƙara wa mai haihuwa jinin da bai dace da nata ba, jikinta zai farfasa jinin da aka ƙara mata, ƙoda ta tsaya, tana iya mutuwa. In ya rubuta maleriya da taifot ga duk wanda ya zo da zazzaɓi domin ya huta da dubawa, za a yi ta ɗirka wa mutum magani alhali ainihin cutarsa tana cinsa. Kuma tun watan Mayu na 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta awon lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano, takardar ɗakin awo ta shiga har cikin sha'anin aure, domin ana duba sikila da ƙanjamau da ciwon hanta. Idan namiji AS ne, mace ma AS ce, to kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi ɗa mai SS. Ma'aikacin da saurayi ya roƙa, ko ya sunna masa wani abu, ya mayar da AS ta koma AA, ya yi shaidar zur a kan jaririn da ba a haifa ba, wanda zai kwana yana kukan ciwon ƙashi shekara da shekaru bai san wanda ya jawo masa ba. An ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaita ta.

Ba kullum ne ƙaryar ɗakin awo take zuwa da kuɗi a hannu ba. Sau da yawa gajiya ce take kawo ta. Wuta ta ɗauke injin bai gama aiki ba, ko sinadarin awo ya wuce wa'adinsa, ko kwalabe biyu sun cakuɗe an rasa ta wane ce, ga layi ya yi tsawo, ga 'yan'uwan majinyaci suna ƙwanƙwasa taga. A nan ake gane mai amana. Shi ne wanda zai daure ya fito ya ce a yi haƙuri a sake kawo jini, ya sha zagi, maimakon ya cike takarda da ƙiyasi. Dokar ƙasa ta yi nata ƙoƙari: tun 2003 akwai majalisar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma sai mutum ya yi shekara 5 a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shari'a ma ta ɗora diyya a kan wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba. Amma babu sufeton da zai tsaya a bayan ma'aikaci da ƙarfe biyun dare. A wannan lokaci babu mai ganinsa sai Allah.

Haka abin yake a aikin bincike na jami'a, sai dai shi shaidarsa ta fi nisan zango, domin a kanta ake canza yadda ake yi wa miliyoyin mutane magani. Kano ta ga fuska biyu ta wannan al'amari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya haɗa yara 200, aka ba rabinsu sabon maganin, rabi kuma wani magani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya kuma ya bayyana cewa takardar amincewar da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma abin da ya karye ya fi kuɗi. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka ƙarfafa zargin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Ga ɗaya fuskar. A 2023 aka bayyana sakamakon wani babban bincike a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Shehu Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, domin a daina ƙiyasta shi da ido, in ya kai haddi kuma a haɗa mata dukkan matakan taimako a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Aka samu raguwar mummunar zubar jini da abin da take jawowa da kimanin kashi 60 cikin 100. Wannan sakamako a kan me ya tsaya? A kan ungozomomi da mataimakan bincike da ba a san sunayensu ba, waɗanda suka auna jini suka rubuta abin da ma'auni ya nuna, ko ya yi wa masu binciken daɗi ko bai yi ba. Saboda haka yaron da aka ɗauka aikin cike takardun bincike kada ya raina kujerarsa, kada kuma ya zauna a gindin bishiya ya ƙirƙiro amsar gidajen da bai shiga ba.

Saura wanda yake son barin kujerar. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kusan 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekara 5. Nas-nas da ma'aikatan awo ma suna bin sahu zuwa Ingila da Saudiyya da sauran ƙasashe. Shin laifi ne? Tafiya neman halal ko ƙarin ilmi ba haramun ba ce, kuma ba adalci ba ne a zagi wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Amma malamai sun ce farillar kifaya tana komawa farilla a kan mutum shi kaɗai idan babu wanda zai tsaya da ita sai shi. Wanda yake ɗaya daga cikin ɗari a fanninsa hukuncinsa daban, wanda kuma in ya tafi za a rufe sashe guda hukuncinsa daban. Mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya sanar a kan lokaci, ya cika alƙawarin da ya sa wa hannu in da kuɗin jama'a aka horar da shi, ya koyar da na bayansa, kuma in Allah Ya buɗa masa a can ya waiwayi inda ya koyi riƙe allura.

Amma fa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Gwamnati ita ce babbar mai riƙon wannan amana. An umurce mu da biyan ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Hukumar da ta bar ma'aikaci watanni yana bin bashin haƙƙinsa, ta bar injin ya lalace babu gyara, ta bar gurbin wanda ya tafi babu kowa alhali ga matasa da takardunsu suna yawon neman inda za su yi shekarar sanin makamar aiki, ita ma za a tambaye ta game da majinyacin da ya kwana a baranda. Masu hannu da shuni na Kano kuma su tuna cewa asibitocin Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira da ake ba da labarinsu da waƙafi aka riƙe su. Sayen injin awo, ko ɗaukar nauyin karatun ɗan talaka a wannan fanni, sadaka ce mai gudana.

Saboda haka, ya kai matashi ɗan Gyadi-Gyadi ko Tarauni mai jiran sanarwar ɗaukar aiki, ka nema da ƙarfinka, ka yi addu'a, ka ci gaba da ƙara sani ko da a ƙaramin ɗakin awo na unguwa ne, kada ka sayi abin da ba na mai sayarwa ba ne. Ya kai mai sa hannu, kafin ka zaɓi suna ka ƙaddara cewa jinin mahaifiyarka ne za a kai wa wannan yaro cikin dare. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya samu, bayan barka da arziki ku gaya masa nauyin abin da ya ɗauka, ku gaya masa kuma cewa aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba matasanmu sana'a ta halal, Ya ba shugabanninmu ikon sanya kowa inda ya dace, Ya sa mu cika da imani. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.